Jama'ar Legas, banish ɗin ɗaki ba na katakon waje ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum, barka da aiki, ya jama'a ya ɗawainiya. Dan Allah a ɗan sammin fili in yi magana da ƴan uwana mazauna Legas, musamman masu shaguna da masu shayi da kwamitocin masallatai da kuma waɗanda Allah ya hore musu suka yi gini suka sa ƙofar katako a waje. Ni kafinta ne a Agege, ina haɗawa da aikin fenti, kuma abin da ya sa na ɗauki waya na rubuto shine duk shekara da ruwa ya ɗauke sai ka ga ana ta kawo mana benci da tebura da ƙofofi wai a gyara, katakon da aka kashe kuɗi aka sa masa kala mai kyau aka bi shi da ƙyalli, ko shekara bai rufa ba ya koma abin tausayi, sama ta ɓanɓare ƙasa ta yi baƙi, mai shi kuma yana ta zagin kafinta. Wani lokacin da laifin kafintan, ba na musu, amma sau da yawa tun a wajen zaɓen abin da za a shafa aka yi ɓarnar, kuma mai kayan ne da bakinsa ya ce shi dai a yi masa mai sheƙi.

Mu da muka taso a Arewa akwai abin da muka saba da shi wanda ba ya aiki a nan. A Kano ko Katsina damina wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara iska a bushe take, ko katako ya jiƙe kafin gobe ya sha iska. Legas kuwa ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,500, kusan ninki biyu na Kano kenan, kuma damina biyu muke yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, a ɗan sarara a Agusta, sai ya dawo Satumba da Oktoba. To ko ranar da ba a yi ruwan ba laimar da ke cikin iska da safe tana wuce kashi 80, ga raɓa, sannan in rana ta fito tsakar ka take dukanka. Wanda ke Lekki ko Ajah ko Badagry shi kuma ga iskar teku mai gishiri. Katako yana shan wannan laima ya kumbura, rana ta buɗe ya tsuke, gobe ma haka jibi ma haka, to duk abin da ka shafa a kansa dole ya iya bin sa in ya motsa, in ba haka ba tsagewa zai yi.

Kalar nan da ake sa wa katako, wadda ke mai da farin katako ya koma ruwan madaci ko ruwan ƙasa, mutane da yawa sun ɗauka ita ma kariya ce. Yawancin wadda ake sayarwa a kasuwanninmu launi ce kawai. Kuma iri biyu ce, akwai ta rini wadda ake narka gari a sifirit ko tina, wato ruwan sirka fenti, tana fitar da zanen katako ras gwanin sha'awa amma rana na cinye ta cikin ƴan watanni, akwai kuma mai garin ƙasa a ciki, irin jar ƙasa da ruwan ɗorawa da ake samu daga sinadarin ƙarfe, ita in ka buɗe gwangwani za ka tarar ta kwanta a ƙasa sai ka juya. Wannan mai kwantawar ita ce ta waje. Dalili kuwa, hasken rana ne ke cin abin da ya riƙe zaren katako, shi yasa kake ganin katakon da aka bari a fili yana komawa toka-toka yana yin gashi, kuma babu abin da ke tare wannan haske kamar garin launi. Iya duhun kalar da kaurinta iya daɗewarta. Wanda ya ce shi yana son katakonsa fari tas kamar yadda aka fere shi, a shafa masa abu garai-garai kawai, to ya shirya gyara akai-akai.

Yanzu abin da ake bi da shi a sama, wato banish mai sa ƙyalli, nan ne rigimar take. Abin da masu feshi suka fi amfani da shi a garin nan shine sandin sila, wato shafin farko mai toshe fuskar katako, sannan a fesa selulos, ko kuma foliyuretan na cikin ɗaki. Wallahi a kan gado da wadirof da kujerun falo ba su da laifi, suna bushewa da wuri suna ƙyalli kamar me. Amma ƙarfi gare su ba sa lanƙwasa, kuma babu maganin rana a cikinsu. Ka fitar da su waje, rana ta ratsa ta cikinsu ta cinye fuskar katakon da suke manne da ita, katakon ya kumbura ya tsuke, sai ƙananan tsaga su fara fitowa waɗanda ido ma ba ya gani. Daga nan aikin ya zama kamar ka naɗe katako da leda sannan ledar ta huje, ruwa ya samu hanyar shiga amma ba shi da hanyar fita, yana ciki yana dafa katakon, funfuna ta samu gida. Shine za ka ga fari-fari a ƙarƙashin ƙyallin, sai baƙi, sai ya fara tashi falle-falle. Kuma abin haushin shine ba a yi masa faci, sai an kankare shi kaf an koma kan katako tsura, kalar da aka sa ma ta tafi, kuɗin aiki ya ninka. Selulos ma in aka fesa shi ranar da gari ya yi laima tun a wurin yake yin hazo-hazo, duk mai feshi ya san wannan.

Akwai banish ɗin da aka yi domin waje, shine na jirgin ruwa, a jikin gwangwanin za ka ga an rubuta Marine ko Spar ko Yacht, kuma ka duba ka ga an ambaci UV. Shi an ƙara masa mai sosai saboda ya yi laushi ya riƙa bin katako, an kuma zuba masa sinadarin da ke shanye hasken rana. Yana da kyau matuƙa, in an yi shi yadda ya kamata babu abin da ya kai shi fito da kyan iroko ko madaci. Sai dai fa yadda ya kamata ɗin nan shine matsalar. Masu jiragen ruwa shafi shida zuwa takwas suke yi, ana jira kowanne ya bushe a goge da sanfefa mai laushi kafin a ƙara, na farko a sirka shi da tina ya shiga jiki, sannan duk shekara a ɗan goge a ƙara shafi ɗaya ko biyu tun kafin ya tsage. Waye a cikinmu zai yi wannan a kan bencin ƙofar shago? Mu shafi biyu ake yi a ce an gama, Alhaji na tsaye yana jira a kai masa kaya yau. Shafi biyu na banish ɗin jirgi a ranar Legas, ƙarshensa ɗaya da na ɗakin, ɗan jinkiri kawai za a samu.

Shi yasa ni a nawa ganin, kuma shine dalilin wasiƙar nan, tambayar da ya kamata mutum ya yi wa kansa kafin ya sayi komai ita ce in abin nan ya gaji yaya zan gyara shi, tunda babu wanda ba ya gajiya a garin nan, duk wanda ya ce maka nasa shekara goma ba a taɓa shi to ciniki yake nema. In ka yi wannan tambaya za ka ga amsar ta karkata wajen mai mai shiga jikin katako, wanda ba ya yin ɓawo a sama. Ana sayar da shi da sunan man tik ko man dakalin katako, wasu da kala a ciki da maganin funfuna, to mai kalar nake nufi. Ba ya ƙyalli, ɗan sheƙi ne kaɗan kamar katakon ya sha ruwa, kuma ba ya daɗewa kamar banish, wata shida zuwa shekara ya fara kodewa a wurin da rana ke duka. Amma kodewa kawai yake, ba ya tsagewa ba ya tashi, kuma laimar da ta shiga katako tana samun hanyar fita. Ranar gyara ka wanke da ruwa da omo da burushi, ka bari ya bushe kwana biyu ko uku, ka shafa sabo da tsumma, bayan kamar minti 20 ka goge rarar da bai sha ba, shikenan, yaron shagonka ma zai iya, ba sai ka kira ni ba. Yadda za ka gane lokaci ya yi kuwa, ɗiga masa ruwa, in ruwan ya tsaya dunƙule-dunƙule da sauransa, in ya shige katakon ya yi duhu nan take to yana neman mai.

Saboda haka duk abin da ke kwance wanda ruwa ke zama a kansa, saman benci, saman tebur, matakala, dakalin katako, hannun baranda, ni mai nake ba da shawara. Ƙofar shiga gida wadda ke tsaye kuma akwai rumfa ko kwano a kanta, ita za ta iya ɗaukar banish ɗin jirgi, in mai gidan ya yarda zai biya shafi biyar ko shida kuma zai tuna da ita duk shekara. Wanda kuma ya san ba zai waiwayi katakon ba sai ya lalace, kamar kes ɗin mai provishon ko katangar katako ko rumfar masu wanki da guga, gaskiya ya haƙura da ganin zanen katako, ya sa firaima ya bi da fentin mai shafi biyu. Fenti ya fi su duka daɗewa saboda ya rufe rana gaba ɗaya, mutane ne dai ke raina shi wai na talaka ne.

Wani abu da ke ɓata aiki ko da an sayi abu mai kyau shine haɗa abin da bai haɗu ba. Kala ta mai ce ko ta ruwa, dole ka sani kafin ka ɗora wani abu. In ta mai ce ka ɗora mai ruwa a kai tun bata bushe ba, ba zai kama ba. A gwangwani za su rubuta awa 24, amma ba da laimar Legas suka auna ba, ni ina ba ta kwana uku, sannan in goga farin tsumma in ga ko zai ɗauko launi, in shinshina in ji ko warin ya tafi. Haka kuma man da ke shiga jiki ba ya shiga katakon da aka riga aka rufe da sila ko tsohon banish, zai zauna a sama ne yana danƙo yana kama ƙura, sai an kankare tsohon. Akwai kuma kalar waje da ta zo da kariyarta a haɗe, ita ba a ɗora mata komai, in ta kode ita ake ƙarawa. Kafin ka taɓa ƙofar mutane gwada a guntun katako irin nata tukuna.

Sai shi kansa katakon. Duk wanda ya saba bin gadar Third Mainland ya san gungumen da a da ake jerawa a kan ruwa wajen Oko Baba a Ebute Metta, to katako daga ruwa yake zuwa bakin zarto, kuma ko a kasuwar katako ta Mushin ka saya sau da yawa ɗanye ne, ka ɗaga ka ji nauyi ka taɓa ka ji sanyi. Ka shafa wa ɗanyen katako banish ka kulle ruwa a ciki da hannunka. Ruɓa tana kama katako ne in ruwan jikinsa ya wuce kashi 20, a nan garin kuma in ya bushe a iska yakan tsaya wajen 15 ko 16, to nan ake so ya kai. Akwai ƴar na'urar aunawa mai ƙusa biyu, in babu ka manna ƴar leda da selotef a jikinsa ka ajiye a rana, in ka dawo ka ga gumi a cikin ledar to da saura. A jera shi a inuwa, a sa ƴan sanduna tsakanin falanki da falanki iska ta riƙa ratsawa, a yi haƙuri da shi. Kuma ba kowane katako ne na waje ba, iroko da apa da opepe da tik suna jure ruwa da gara da kansu, afara da obeche kuwa ko me ka shafa musu ba za su kai ko ina ba a fili, amma su ake sa wa kala mai duhu a sayar wa mutum a ce madaci ne. Ka sa farce ka danna, in ya lotsa ka san abin da ka saya. Iroko da tik suna da maiƙo a jiki, a goge su da tina kafin a shafa komai. Ƙusa kuma in ta baƙin ƙarfe ce za ta yi tsatsa ta zubo da baƙin layi a jikin katakon ta buɗe wa ruwa ƙofa, a nemi galbanaiz ko sitenles, wato masu jure tsatsa, balle wanda ke kusa da teku.

Inda katako ke fara mutuwa kuwa ba inda ido ke gani ba ne. Bakin da zarto ya yanka, wato ƙasan ƙafar benci da saman ƙofa da ƙasanta, nan ne ke zuƙar ruwa ninkin ba ninkin fiye da fuska, kuma nan ne mai fenti ke tsallakewa tunda ba a gani. Ƙofa nawa na ciro na tarar gaba da baya sun sha ƙyalli, ƙasanta kuwa ko shafi ɗaya babu, ta kumbura ta ƙi rufuwa. A cire ta daga hinjis a shafe duka ɓangarori shida, bakin yankan a ba shi ya sha har ya ƙoshi. Ƙafar benci a sa mata roba ko a ɗora kan bulo kada ta zauna cikin ruwa, mu da unguwanninmu kwata ke cika ta shigo har ƙofar shago. Saman tebur a bar ƴar tazara tsakanin falankan ruwa ya riƙa zuba, kaifin gefe kuma a ɗan kashe shi da sanfefa domin a kan kaifi shafi ke fara tsagewa. Masu rufe kaya da tamfol suna ɗaurewa tam, su ma su bar wa iska hanya.

Dole in taɓo maganar baƙin mai, domin na san wani yana karantawa yana cewa mu dai baƙin man inji muke shafawa da ɗan kananzir kuma lafiya lau. Eh yana korar ruwa, gara ma ba ta son sa, a kan turken da za a binne ko katakon rufi ba zan yi dogon musu ba duk da Solignum, maganin gara da ruɓar katako, ya fi shi tunda domin haka aka yi shi. Amma man da ya fito daga inji da dattin ƙarfe da guba a ciki, ba ya bushewa, rana ta yi zafi ya tsatso ya ɓata wa mutane fararen kaya ranar Juma'a, kuma daga ranar da ka shafa shi babu fenti ko banish da zai sake kama katakon. Teburin mai shayi da ake yanka burodi a kai, ko na mai tsire, ko bencin da yaran islamiyya ke zama suna sa hannu a baki, dan girman Allah kada a kusance su da baƙin mai, shi ma Solignum ɗin ba na wurin abinci ba ne, ƙafafu da ƙarƙashi kawai. Masu shafa man gyaɗa ko manja su ma su daina, ba sa bushewa, wari suke yi su kira kiyashi. Man linsid zalla da wasu tsofaffin kafintoci ke yabo, a Arewa yana yi, a nan funfuna ce ke cin sa katako ya yi baƙi ƙirin cikin damina ɗaya.

Lokacin aiki kuma shine rani, Disamba zuwa Fabrairu, ba ranar da hadari ya haɗo ba. A bari raɓa ta bushe, a yi a inuwa da hantsi, kada a shafa kan katakon da ya ɗau zafin rana, kada kuma a kai yamma raɓar dare ta sauka a kan ɗanyen shafi. In hunturu ya busa da ƙura a ɗan yayyafa ruwa a ƙasa. Tsumman da aka yi aikin mai da shi kada a dunƙule a jefa a lungu, yana ɗaukar zafi da kansa har ya kama da wuta ba tare da ashana ba, a shanya shi a buɗe ko a tsoma a bokitin ruwa, mu da shagunanmu na katako ne manne da juna.

Kokena na ƙarshe kan masu sayarwa ne. Ka je sayen banish a ɗura maka a gorar ruwa babu suna babu takarda, ka tambaya na waje ne a ce maka eh oga na ko ina ne, wani ma an sirka shi da fetur ya yi yawa. Ina roƙon hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta riƙa leƙa layin masu fenti, mu kuma mu daina karɓar na gora, a sayi gwangwani a rufe a karanta abin da aka rubuta, wanda bai iya Turanci ba ya ɗauki hotonsa ya tura wa wanda ya iya. Yawancinsu lita ɗaya tana rufe wajen murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya, to mai gida ka yi lissafi da kanka, in aka ce an yi wa ƙofofinka huɗu shafi shida da lita ɗaya ka san ba a yi ba. Malam Edita in da hali ku riƙa ba masu sana'ar hannu fili ko sau ɗaya a wata, masu walda da masu tayil su ma suna da irin wannan a bakinsu. Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani kafinta daga Agege, Legas